Hannun Baba a Kan Tanki

Bari in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni: wauta na yi. Tsoho da furfura har a gira, wani yaro mai kyamara a wuya ya ce mini, "Ya Hajj, ai tarihi ne kake hawa," sai kaina ya kumbura kamar burodin da aka cika wa yis. Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da ya ce Hajj ban gyara masa ba. To daga nan abin ya fara lalacewa. Sai dai wautata ba ta wanke kowa ba. Akwai mutum biyu da har yau in na tuna su shayi yakan yi mini ɗaci a baki, kuma zan zo kansu.

A kambo aka haife ni, a Jazira. Kambo shi ne 'yan bukkokin leburori da ke gefen gonakin auduga, can bayan gari, a bakin magudanar ruwa. Babanmu ba shi da gonar kansa, ta wasu yake nomawa, mu kuma mu tsince musu audugar. Karatuna bai wuce na allo ba, shi ma rabinsa a kan bishiya na yi shi ina gudun bulala. Bokon da nake rubutu da shi a jikin kwalaye na tsinto lokacin da nake dako, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, haka na gan shi a jikin kwalin.

A lokacin akwai mufattishi, wato mai duba gonaki. Yana zuwa ne a kan wani koren babur, ya biyo gaɓar magudana, da jakar fata ɗaure a baya. Ba a fara ganinsa, jin sa ake yi. Ƙarar babur ɗin nan nauyi gare ta, dum, dum, dum, a hankali, kamar ana daka a turmin da aka binne. Da an ji, kowa sai ya miƙe. Mai shan ruwa ya ajiye ƙwarya. Babana, mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri, sai in ga ya zabura ya kakkaɓe gwiwa ya sunkuyar da kai. Mufattishin ma ba da mu yake magana ba, da mai gonar yake yi, mu kamar turakun shinge muke a wurinsa. Amma in ya ce layin nan ba a tsince shi da kyau ba, tukunyarmu ce za ta ji a jikinta. Yayata, wadda ita ta goye ni, takan fizgo ni ta ɓoye a bayanta ta rufa mini mayafi, wai kada ya ga ina wasa a cikin gona.

Wata rana ya buge mana akuya. Bai ko waiwaya ba. Marfin tayar gabansa ya lotsa, akuyar kuma ta yi ta ɗingishi har tsufa ya kashe ta.

Na girma na gudo Khartum. Na yi dako a kasuwar Alsahafa har wuyana ya gajarce, daga baya na samu aikin raba burodi a shaguna. Da na ɗan tsaya da ƙafafuna na ɗauko Baba, na ɗauko Yaya da mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, muka yi ginin laka a Dar Salam, can ƙarshen Umdurman inda hanya take gajiya ta kwanta. A nan ne wata rana, ina neman tsohon ƙarfen da zan yi ƙofa a wurin masu sayar da tarkace, na hango wani babur jingine a cikin tarin kayan da aka yi gwanjonsu. Ba salansa, wato bututun hayaƙi, ba kujera, kaza ta yi sheƙa a inda batir yake. Amma kore ne, koren nan da na sani. Na fasa ƙofar. Da ƙafa na turo shi har gida, rana tana dukan ƙeyata.

Baba ya zagaye shi a hankali, hannu a baya. Ya tsuguna gaban tayar, ya shafa wata lotsawa a jikin marfin, ya ce, "Shi ne. Ga akuyarmu." Ko shi ne ko ɗan'uwansa ne, Allah ne masani. Ni dai ban yi gardama ba.

Da hannuna na tashe shi. Kujera na yi masa da katako da soso, na lulluɓe da fatar akuya, don a rama. Salansa kuwa bututun tsohon injin ban-ruwa na lanƙwasa na ɗaura masa, sai muryarsa ta koma ta tsoho mai tari, kwal-kwal-kwal, ana ji daga nesa yara su fara dariya. Sannan na samo ragowar shuɗin fentin da aka shafa wa ƙofar wani shago, na ce koren nan ba zai kwana a gidana ba.

A ƙasar nan in mutum ya sayi abin hawa sai ya yi karama: a yanka rago, a raba nama, a tsoma tafin hannu a jini a manna a jikin motar saboda ido. Malamai suna cewa manna hannun ba shi da asali, suna faɗa suna miƙa kwano. Ni ba ni da rago. Kaza ma sai an yi zaman shawara. Ina cikin shafa fenti, Baba yana zaune a kan gadon igiya yana kallo, sai ya taso, ya naɗe hannun riga, ya ɗora tafinsa a kan tankin, fenti bai bushe ba, ya danna da ƙarfinsa duka.

Na ce, "Baba! Ka ɓata mini aiki!"

Ya ɗaga hannun yana dubawa, shuɗi har wuya. Ya ce, "Ba mu da jini, ga hannu. Na kama shi. Daga yau shi ne zai riƙa tsaya mana."

Hannun ya fito sarai, har da zanen tafi, har da ɗan yatsan da lauje ya gutsure masa rabi. Ya yi kwanaki yana cin asida, tuwon ƙasar nan, da shuɗin hannu, yana nuna wa duk wanda ya shigo gaisuwa.

Shekara da shekaru babur ɗin nan ya ci da mu. Ya ɗauki burodi, ya ɗauki gawayi, ya kai uwar 'ya'yana wurin ungozoma tana zagina tun daga ƙofar gida har can. Shi ya kai Baba asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, an ɗaure mini shi a baya da mayafin Yaya kamar jariri. Na sake masa fenti ba sau ɗaya ba, ja, rawaya, duk abin da ya rage a gwangwanin wani. Amma kullum in na zo kan tanki sai in ɗauki gashin kaza in zagaye hannun a hankali. Har wurin ya zama kamar ɗan rami, fenti ya yi tudu kewaye da shi, shuɗin farko yana kwance a ciki. Da idanun Yaya suka mutu, ta mai da shi al'ada: kowace safiya bayan salla sai ta lalubo babur a ƙarƙashin rumfa, ta sa hannunta a cikin na Baba, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce ta hura wutar shayi. Yara suna yi mata dariya, ita ko a jikinta.

To babur ya tsufa, ni ma gwiwa ta fara yi mini gardama. Ya fi zama a rumfa fiye da fita. Sai ɗana na biyu, wanda yake tuƙa wa wani mutum raksha, keken haya mai taya uku, ya zo mini da shawara. Yaran yanzu rabin maganarsu Larabci ne, ko Baba ba su iya cewa ba.

"Yaba, ƙarfen nan ruɓewa yake yi a banza. Mu kai wa mai walda ya yanke bayan, ya haɗa masa akwati da taya biyu. In riƙa ɗauko kayan miya daga kasuwa ina kai wa masu tebur. In huta da yi wa wani bauta."

Na ce, "A yanke shi? Kai ma bari in yanke bayanka in haɗa maka akwati, ko za ka fi amfani."

"Gaban ba za a taɓa ba, wallahi. Tanki yana nan, hannun Kaka yana nan. Ko tsinke ba zai taɓa shi ba."

"Fita ka ba ni wuri. Babur ɗin mufattishi guda za ka mayar jakin tumatir?"

Ku lura da abin da na ce. Ni kaina sai daga baya na lura. Yaya tana gefe tana tsinke ganyen ayoyo, ta ce, "Ku bar shi yadda yake mana, ya tsare muku wani abu ne?" Babu wanda ya kula ta.

Don in nuna wa yaron nan cewa babur yana da sauran numfashi, ran Juma'a da yamma na buga shi ya tashi, na nufi bakin Nilu inda mata masu shayi suke jera kujeru. Ashe a nan wasu samari 'ya'yan masu hali suke taruwa da tsofaffin babura, kowanne yana ƙyalli kamar tiren amarya. A gabansu daidai nawa ya yi tari biyu ya mutu. Na sauko ina dube-dube kamar dama nan na yi niyyar tsayawa.

Mai kyamarar nan shi ya fara zuwa. Dogo, farar riga, ƙamshi kamar shagon turare. Ya durƙusa a ƙasa da wandonsa mai tsabta, ya goge jikin injin da yatsa, ya karanta wata lamba, sai ya kira sauran da ihu. Suka kewaye ni. Aka kawo mini kujera, aka kawo shayi da madara. Ni da ko a layin burodi ba a matsa mini.

"Ya Hajj, ka san abin da kake hawa kuwa? Irinsa sun ƙare a ƙasar nan. Amma wane azzalumi ne ya ɗaura masa wannan bututun?"

Na ce, "Wani bakanike ne. Ya rasu."

"Allah Ya yafe masa. Haramun ne a bar shi haka. Dole ya koma yadda ya fito daga kamfani."

Ya ce yana da salansa ta asali a ajiye, yana da kujera, ya san mai fenti a unguwar masana'antu ta Umdurman wanda babu kamarsa. Shi ba ya son komai, illa in riƙa zuwa da shi ran Juma'a a gani. Na ba su labarin mufattishi, suka yi ta jinjina kai. Labarin hannu ne ban bayar ba. Rawanina da na cire yana kwance a kan tankin, ban janye shi ba. A gaban masu turare, sai na ji nauyin in ce ubana bai iya sayen rago ba.

Na yi kwanaki ina juya abin. In na kalli ɗana ya dawo da yamma, ido ja, ya miƙa wa mai raksha abin da ya samu, sai in ce a yanke kawai. In na tuna kujerar nan da shayi da madara, sai in ga kaina ina shigowa bakin Nilu, samari suna miƙewa. Miƙewar nan ce ta ci ni. Na ce wa Yaya birki zan kai a gyara.

Mai fentin gajere ne mai tumbi, waya manne a kunne da kafaɗa. Na ja shi har gaban babur, na ɗora yatsa a kan tankin, na ce, "Usta, ka ga nan? Nan wurin a bar shi. Kada a taɓa."

Ya ce, "Hadir, ya Hajj, hadir."

"Ka gani dai ko?"

"Hadir, a kan idona."

Na yi shekara nawa a garin nan, ban san hadir ba? Hadir ita ce abin da ake ce wa tsoho don ya tafi. Mai gida ya ce wa mai haya hadir, likita ya ce wa mara lafiya hadir, ni kaina na ce wa masu shaguna hadir ban kai burodin ba. Tankin nan 'yan kusoshi ne suka riƙe shi. Da na kwance abina na rungumo shi zuwa gida, na ce su yi wa sauran duk abin da suka ga dama. Amma na juya na tafi ina kaɗa sanda kamar mai gona.

Ranar da na koma ɗauka, tun daga bakin titi na hango shi. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Kore shar, ƙarafa suna walƙiya, kujerar fata baƙa, lotsawar akuyarmu an buge ta ta miƙe kamar ba a taɓa yi ba. Mai kyamara yana tsaye a gefe yana murmushi kamar shi ya haife shi. Na matsa na duba tanki. Sumul. Fuskata na gani a ciki, da baki buɗe.

Na ce, "Ina hannun?"

Mai fenti ya ce, "Wane hannu?"

"Wanda na nuna maka! Na ce kada a taɓa, ka ce a kan idonka!"

"Au, wannan tabon? Ya Hajj, ai sai da muka kankare har ƙarfe. Fenti kan fenti kamar bangon gidan haya. Kai ka ce yadda ya fito daga kamfani. Daga kamfani da hannu ya fito?"

"Hannun ubana ne, ɗan banza! Ubana!"

Har mai buga guduma a maƙwabta ya dakata. Mai fenti ya sauke waya daga kunne, karon farko tun da na san shi. Ya ce, "To ai ba ka ce na ubanka ba ne." Ka ji mutum. Wato sai an kawo masa takardar gado kafin ya ji kada a taɓa. In na ce kada a taɓa, ko hannun biri ne, ina ruwansa?

Na duƙa ina duba ƙasa, ko zan ga ɓawon shuɗi ko guda. An share. Ɗan abin da ya rage ya cakuɗe da baƙin mai da ƙasa a bakin kwata.

Sai mai kyamara ya matso, murya a sanyaye. Ashe shi ne ya zo daga baya ya ce a kankare duka, wai tabon zai ɓata aikin. Ya ce, "Kada ka damu, ya Hajj, ban bari ya ɓace ba. Na ɗauke shi hoto. Ga shi." Ya miƙo mini waya. Ga hannun Baba nan kuwa, ƙanƙane kamar na ɗan tsako, a bayan gilashi. Ya ce zai sa a wanke mini babba in rataye a ɗaki.

Na ce, "Yayata makauniya ce. Ta shafa gilashi ta ji me?"

Ya ce wai ya fahimci yadda nake ji. Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Akwai gwangwanin koren fenti a buɗe a kan benci. Na naɗe hannun riga, na tsoma tafina har wuya, na ɗora masa a tsakiyar farar rigar nan, na danna da ƙarfina duka. Na ce, "Ga tarihi nan, ka ajiye." Mai fenti ya zo rabo, shi ma na shafa masa ragowar a tumbi. Aka rirriƙe ni, ana ta "salli alan Nabi, ya Hajj." Na ce, "Ni ba Hajj ba ne, ban taɓa zuwa ba!" Aƙalla wannan na gyara.

Na hau na buga shi. Bugu ɗaya ya tashi. A hanya mutane suna waiwaye, wani mai bas ya leƙo ya ɗaga mini babban yatsa, kuma ga irin halina, duk da zuciyata tana tafasa sai da na gyara zama na miƙe wuya. Sai da na bar kwalta na shiga hanyar ƙasa, hayaniya ta ragu, sannan na ji abin da ke fita daga sabuwar salansar nan. Dum, dum, dum. A hankali, da nauyi. Na yi tunanin in kashe shi in tura, gwiwa ta ce ba da ita ba.

La'asar ce, ƙofar gida a buɗe. Yaya tana zaune a kan gadon igiya da faranti a cinya tana yanka kuɓewa. Matar da sai ta dafa gado take tashi da ƙyar. Ina shigowa na ga ta miƙe zumbur, faranti ya kife, ta ja mayafi ta rufe kai, ta sunkuya. Hannunta ɗaya yana lalube a bayanta, yana neman yaron da za ta ɓoye.

Na kashe injin. Na ce, "Yaya, ni ne."

Sannan ta tako a hankali, tana taka kuɓewar da ta zube, har ta taɓa madubi, ta bi ƙarfe ta sauko kan tanki. Ta shafa tsakiya. Ta shafa gefe. Ta koma tsakiya ta sake shafawa, da tafi duka, kamar mai neman allura a tabarma. Ɗana yana tsaye a bakin ɗakinsa, ya dubi tankin, ya dubi koren hannuna, bai ce uffan ba. Da ya yi magana da na samu wanda zan zaga.

Tun ranar ban sake tayar da babur ɗin ba. Yana nan a rumfa, an rufe shi da buhuna. Bakin Nilu ban koma ba. Na ce wa yaron ya kai wa mai walda ya yanke duk inda ya so, ya ce a'a, yanzu ya yi kyau da yawa, mutane za su ce ba shi da hankali. Yaya kuma da safe daga salla sai murhu, ba ta biyawa ta rumfa.

A ranar dai, da ta gama shafawa, ta janye hannunta ta goge a mayafi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina, ta ce, "Baba ya kama maka shi da hannunsa. Kai kuma ka wanke shi tas, ka mayar wa mufattishi da kayansa."